Wasiƙa Zuwa ga Edita: Adanawa da Ɗumama Ruwan Cin Jan Ƙarfe na Masu Haɗa Allon Lantarki a Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗalibai da matasa da masu gyaran kayan lantarki waɗanda suka fara haɗa allon lantarki da hannunsu a gida, wato allon nan mai siraran hanyoyi na jan ƙarfe da ake gani a cikin rediyo da caja da kwamfuta. Abin farin ciki ne yadda wannan aiki yake samun masu sha'awa. Sai dai na lura yawancin masu koyar da shi suna ƙarar da ƙarfinsu ne wajen bayanin yadda ake zana hanyoyin a kan allo, sannan su wuce maganar ruwan sinadarin da ke cinye jan ƙarfen cikin jimla ɗaya ko biyu, alhali kuwa a wajen ɗumama wannan ruwa da kuma wajen ajiye shi ne aka fi samun ɓarna da rauni.

Ga mai karatu da bai san aikin ba, allon yakan zo ne da shimfiɗar jan ƙarfe a fuskarsa, wadda kaurinta a mafi yawan lokaci milimita 0.035 ne kawai. Mai aiki zai rufe wuraren da yake so su zama hanyoyin wuta da tawadar na'urar buga takardu ko ta alƙalami mai hana ruwa shiga, sa'annan ya tsoma allon cikin ruwan sinadari, ruwan ya narkar da duk jan ƙarfen da ba a rufe ba, ya bar hanyoyin. Dabara ce tsohuwa, domin tun a shekarar 1936 wani injiniya ɗan Austriya mai suna Paul Eisler ya haɗa rediyo da irin wannan allo a Ingila, kuma har yau abin da masana'antu suke yi ke nan, illa dai su suna da tankuna rufaffu da na'urorin auna zafi da na zuƙe hayaƙi. Mai aiki a gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka saninsa da natsuwarsa ne suke maye gurbinsu.

Abu na farko da ya wajaba mutum ya sani shi ne wane ruwa ne a hannunsa, domin iri uku ne aka fi amfani da su kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai. Akwai ferik kulorayid, mai launin ruwan ƙasa da ya karkata zuwa rawaya, wanda shi ne mafi shahara kuma mafi jure ajiya. Akwai sodiyam fasalfet da ɗan'uwansa amoniyam fasalfet, farin gari ne da ake narkarwa a ruwa, kimanin giram 200 zuwa 250 a lita ɗaya, ya fito garau sa'annan ya riƙa komawa shuɗi gwargwadon jan ƙarfen da ya ci. Na uku shi ne haɗin asid ɗin haidirokulorik da haidirojin ferokzayid, wanda yake rikiɗa ya zama kore. Wanda ya ɗauki ƙa'idar ɗayansu ya ɗora wa ɗaya zai iya jawo wa kansa haɗari, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya fi yawa tsakanin sababbin shiga.

Dalilin da ya sa ake ɗumama ruwan ba ɓoyayye ba ne. Masana kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi cewa yawancin irin wannan aiki yakan kusan ninka saurinsa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Selshiyos. Allon da zai shafe minti 20 zuwa 30 a cikin ferik kulorayid mai sanyi yana iya gamawa cikin abin da bai kai minti 10 ba idan ruwan yana da ɗumi kuma ana motsa shi. Amfanin wannan bai tsaya ga rage jira ba, domin idan allo ya daɗe a cikin ruwan, sinadarin yakan shiga ta ƙarƙashin tawadar ya riƙa cin gefen hanyoyin, har siraran cikinsu su tsinke. Shi fasalfet ma kusan ba ya wani aikin kirki idan yana da sanyi. Don haka ɗumamawa tana da hujja, kuma ba ita nake suka ba. Abin da nake suka shi ne tunanin cewa tunda ɗumi yana da amfani, to tafasawa za ta fi.

Iyakar da ta dace ita ce tsakanin digiri 40 zuwa 50. Ferik kulorayid, da zarar zafinsa ya haura wajen digiri 55, yakan ƙara yawan fitar da tururin asid mai shaƙe maƙogwaro da sa ido hawaye, kuma tawadar da aka rufe hanyoyin da ita tana iya saki ta ɗaga, allon ya lalace. Fasalfet kuwa idan ya wuce digiri 50 yakan fara rushewa da sauri, ya fitar da iskar oksijin, ya rasa ƙarfinsa, ta yadda wanda ya zafafa shi da yawa ya kashe shi ne da hannunsa. Haɗin asid da ferokzayid shi ba ya bukatar a ɗumama shi ko kaɗan, domin da kansa yake yin zafi yayin da yake cin jan ƙarfe, kuma ƙara masa zafi ƙara masa hayaƙi ne. A wuraren da ake tsananin zafi, inda iskar ɗaki kanta takan kai digiri 35 ko sama, sau da yawa ko ferik kulorayid ɗin ma girgiza farantin a hankali ya wadatar da shi.

Hanyar da na amince da ita, kuma nake ba kowa shawarar ya bi, ita ce ɗumamawa da ruwan zafi daga waje. A samu babbar roba a zuba mata ruwan da aka zafafa a wani wuri daban, a sirka shi har ya sauko wajen digiri 55 zuwa 60, sa'annan a ɗora ƙaramin farantin roba mai ɗauke da sinadarin a ciki, ruwan zafin ya kewaye shi ba tare da ya kai bakinsa ba. Cikin 'yan mintuna sinadarin zai ɗauki ɗumin da ake bukata, kuma ba zai taɓa wuce zafin ruwan da ke kewaye da shi ba, wanda shi ne babban alfanun wannan hanya, domin ko mai aikin ya shagala, ruwan sai dai ya huce. Sai a sa allon, a riƙa ɗaga gefe ɗaya na farantin ana saukewa a hankali don ruwan ya riƙa kai da komo a kan fuskarsa. Mai lura zai ga jan ƙarfen ya fara dusashewa ya koma ruwan hoda mara sheƙi, daga nan ya fara ɓacewa daga gefunan allon zuwa tsakiya, kuma da zarar ɗigon ƙarshe ya tafi sai a ciro shi da matsefin roba a ɗauraye. Idan a cikin gorarsa ake son ɗumama shi kafin a zuba, to lallai a sassauta murfin tukuna, domin iskar da ke saman ruwan takan kumbura da zafi, idan kuma aka buɗe murfi a matse sai ruwan ya yi tsartuwa, kuma fuskar mai buɗewa ce a sama da bakin gorar. Kwalbar gilashi mai sanyi kuma kada a jefa ta cikin ruwa mai tsananin zafi, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana tsaga gilashi.

Wajen auna zafi, a yi amfani da ma'aunin gilashi, ko irin wanda ake haska shi daga nesa ba tare da ya taɓa ruwan ba. Ma'auni mai tsinken ƙarfe, ruwan zai cinye masa tsinken. Wanda ba shi da ma'auni yana iya taɓa ruwan wajen, ban da sinadarin: idan hannu ba zai iya jure shi na ɗan lokaci ba, to ya yi zafi da yawa, a ƙara sirka shi.

Akwai hanyoyin da nake roƙon a guje musu gaba ɗaya. Ɗora sinadarin a kan wuta kai tsaye, ko murhun gas ko na lantarki, yana bukatar tukunyar ƙarfe, ƙarfe kuwa shi ne abincin wannan ruwa. Ferik kulorayid yana huda har ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa. Idan kuwa ya haɗu da alminiyam lamarin ya fi muni, domin nan take sai ya ɗauki zafi da kansa, ya riƙa tafasa yana kumfa, yana fitar da iskar haidirojin wadda take kama wuta, ga kuma harshen wuta a ƙarƙashin tukunyar. Tanda ta maikirowef ita ma ba wurinsa ba ce, saboda tana zafafa ruwa ba daidai ba, wani wuri ya tafasa wani da sanyi, tururin asid ya ci ƙarfen cikinta, kuma bai halatta a sake mayar da ita ga amfanin iyali ba. Hitar tafasa ruwa da ake tsomawa a bokiti ta fi su duka haɗari, tunda ruwan zai ci bututunta har ya kai ga wayar da ke ciki, shi kuwa ruwa ne mai ɗaukar wutar lantarki sosai saboda gishirin ƙarfen da ke narke a cikinsa. Duk waɗannan ana yin su ne don rage jiran minti goma, kuma garin neman gira ake rasa ido. Barin gora a rufe a cikin rana don ta yi ɗumi shi ma ba dabara ba ce, domin babu mai iko da iyakar zafin da za ta kai.

Waɗanda suke yawan aikin sukan gina tanki tsayayye na roba su sa masa hita mai rigar gilashi, irin ta tankin kifin ado, tare da famfon iska mai hura kumfa daga ƙasa. Wannan tsari yana da kyau idan an kiyaye sharuɗɗansa. Dole ne sashen hitar mai zafi ya kasance a nutse cikin ruwan kafin a kunna ta, kuma a cire ta daga soket a jira ta huce kafin a ɗaga ta, in ba haka ba gilashin zai fashe. A riƙa duba ta ko ta tsage, a kuma haɗa ta ta hanyar na'urar nan mai yanke wuta idan ta ji yoyon lantarki, mai aiki a miliamfiya 30. Ya kamata a sani cewa yawancin hitocin tankin kifi ba sa wuce digiri 32 zuwa 34, kuma bai kamata a lalata musu na'urar daidaita zafi don a tilasta musu wuce hakan ba.

Ranka ya daɗe, maganar ajiya ta fi damuna a kan ta ɗumamawa, domin ɗumamawa ta minti kaɗan ce kuma mai aikin yana tsaye a wurin, ajiya kuwa ta watanni ce, kuma wanda zai ci karo da gorar sau da yawa ba shi ne ya ajiye ta ba. Mazubin da ya dace shi ne gorar roba mai kauri wadda a gindinta aka buga lamba 2 ko lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, domin waɗannan nau'o'in roba suna jure asid kuma suna jure ɗumi. Gorar ruwan sha mai lamba 1 siririya ce, tana lanƙwashewa idan zafi ya kai wajen digiri 70, kuma babban aibinta shi ne kamanninta. Ferik kulorayid da aka yi aiki da shi yana kama da baƙin shayi ko lemon kwalba mai duhu, sabon fasalfet kuma ba a bambanta shi da ruwan sha da ido. Yaron da ya ga irin gorar da ya saba sha daga cikinta ba zai tsaya tambaya ba, kuma sinadarin ƙarfe idan ya yi yawa a jiki guba ne mai tsanani ga ƙananan yara, ban da ƙunar da asid zai yi wa baki da maƙogwaro. Ina ganin babu wani uzuri da zai sa a zuba wannan ruwa a mazubin abin sha, ko da na dare ɗaya ne. Kwalbar gilashi tana yi idan murfinta na roba ne, amma murfin ƙarfe tururin zai ci shi daga ciki, wata rana a ɗaga kwalbar murfin ya ɓare a hannu.

A kan murfin ne ƙa'idar ta rabu biyu. Ferik kulorayid ba ya tara iska a ajiye, saboda haka ana rufe shi ruf, kuma a haka zai daɗe ƙwarai yana aiki har sai ya ƙoshi da jan ƙarfe. Fasalfet da haɗin da ke da ferokzayid kuwa suna ci gaba da fitar da iskar oksijin ko ba a taɓa su ba, kuma jan ƙarfen da ya narke a cikinsu yana ƙara hanzarta wannan rushewa. Na taɓa ganin gorar fasalfet da aka ɗaure mata murfi tam aka ajiye a kan kantar kaya: gindinta ya turo waje har ta kasa tsayawa daidai, jikinta ya yi tauri ba ya latsuwa, kuma farin gishiri mai shuɗi-shuɗi ya bushe a kewayen wuyanta inda ruwan ya riƙa tsattsafowa. Irin wannan gora, idan ta gilashi ce, fashewa take yi. Don haka waɗannan biyun suna bukatar murfi mai numfashi, ko a huda ƙaramin rami a murfin, a ajiye gorar a tsaye, kada kuma a cika ta fiye da kashi uku cikin huɗu. Mafi alheri ga mai amfani da fasalfet shi ne ya ajiye garin a bushe cikin mazubi rufaffe, ya riƙa narkar da iya abin da zai yi aiki da shi, tunda narkakken ba ya wuce 'yan makonni da ƙarfinsa. Garin kansa a nisanta shi da takarda da tsumma da garin katako da mai, domin yana taimakon wuta, kuma ƙurarsa tana tayar wa wasu mutane da ciwon asma.

Kowace gora a rubuta mata sunan abin da ke ciki da ranar da aka haɗa shi da kalmar guba da manyan baƙaƙe, a kuma lulluɓe rubutun da salatef mai haske don ɗigon ruwan kada ya goge shi. A zaunar da ita cikin wata robar da za ta iya ɗaukar duk abin da ke ciki idan ta yi yoyo, a wuri mai sanyi da inuwa wanda ake kullewa, kuma a ƙasa da tsayin ido, domin abin da aka miƙa hannu sama aka ɗauko a fuska yake zubewa. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da kayan aiki. Ko gorar asid da ake ganin a rufe take tana sakin ɗan tururi, bayan 'yan makonni sai mutum ya tarar filaya da sukudireba da bakin abin huda allo duk sun yi ja da tsatsa, na'urorin awo masu tsada kuma sun fara ba da matsala. Bilicin wanki kuwa kada ya kusanci wurin sam, domin haɗuwarsa da asid tana haifar da iskar kulorin, wadda take iya halaka mutum a cikin rufaffen ɗaki. Haka kuma ba a juye ragowar wani nau'in a cikin gorar wani.

Wajen haɗa sabon ruwa, sinadari ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan sinadari. Wannan ya fi muhimmanci ga busasshen garin ferik kulorayid mai launin baƙi, wanda yake yin zafi sosai yayin narkewa har ya iya fantsama. Safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido wajibi ne, kuma a yi aikin a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 ana buɗe fatar idon, sa'annan a tafi asibiti ko da raɗaɗin ya lafa. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona hanya wajen shiga zai sake ƙona ta wajen fita. A kurkure masa baki a garzaya da shi asibiti tare da gorar, don likita ya ga abin da aka rubuta a jikinta.

Saura maganar ruwan da ya gama aiki. Wasu suna tuttular da shi a magudanar ruwa ko bayan gida, wannan kuwa ɓarna ce biyu: yana cin bututun ƙarfe, sa'annan jan ƙarfen da ke narke a cikinsa guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa ko da kaɗan ne, yana kuma kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a cikin ramin masai. Abin da ya dace shi ne a zuba shi a babban bokitin roba a fili, a riƙa barbaɗa masa sodar wanki, wato sodiyam kabonet, cokali bayan cokali, domin zai yi kumfa ya taso sosai, har sai kumfar ta daina. Daga nan ƙarfen zai kwanta a ƙasa ya zama laka, a bar shi ya tsaya, a bar ruwan ya ƙafe a inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, sa'annan a ƙulle busasshiyar lakar a mazubi mai rubutu a miƙa ta ga hukumar da ke karɓar shara mai guba a inda mutum yake zaune. Makarantun da ke koyar da fasahar lantarki su ne suka fi cancanta su tanadi jarka guda ta musamman da ɗalibai za su riƙa kawo ragowar ruwansu, kuma ina kira ga malaman da ke ba da aikin haɗa allo da su sa tambayar mazubi da murfi da iyakar zafi a cikin abin da suke ba da maki a kansa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sha'awar haɗa kayan lantarki.